BABI NA UKU: SHIGAR DA BAYANAI DAGA JADAWALIN EXCEL ZUWA MANHAJAR ƘIDIDDIGA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan matakin da ke tsakanin tattara bayanai da nazartarsu, wato ɗauko bayanan daga jadawalin Excel a shigar da su cikin manhajar ƙididdiga. Yawancin masu bincike sukan fara zuba amsoshin takardun tambayoyinsu a cikin Excel saboda sauƙinsa, sannan su kai su SPSS ko Stata ko R domin yin lissafi. A wajen wannan ƙaura ne manhajar take yanke wa kowane ginshiƙi hukunci, ko na lamba ne, ko na rubutu, ko na kwanan wata. Idan ta yi kuskure a hukuncin, sau da yawa ba ta yin wani gargaɗi, sai dai kuskuren ya bi bayanan har cikin sakamakon bincike. Saboda haka babin zai nuna cewa mai bincike ne ya kamata ya tantance nau'in kowace sifa tun kafin a shigar da bayanai, domin shi ne ya san ma'anar abin da ya tambaya, ita kuwa manhaja kamannin rubutu kawai take dubawa.

3.1 Ma'anar Sifa da Nau'o'inta

A wannan aiki, an yi amfani da kalmar "sifa" da nufin duk wani abu da aka tambaya ko aka auna, wanda amsarsa take bambanta daga mutum zuwa mutum, kamar shekaru da jinsi da sana'a. A cikin jadawali, kowace sifa tana da ginshiƙi guda, kowane mai amsa tambaya yana da layi guda, inda ginshiƙi da layi suka haɗu kuwa shi ake kira gida. Akwai abubuwa biyu da ake tantancewa game da kowace sifa, kuma bai kamata a cuɗa su ba.

Na farko shi ne nau'in ajiya, wato yadda kwamfuta take riƙe amsar. Manyan nau'o'in su ne lamba da rubutu da kwanan wata. Lamba ce kaɗai ake iya tarawa ko rabawa. Idan aka ajiye 25 a matsayin rubutu, to a wurin kwamfuta haruffa biyu ne ke jere, ba su da bambanci da kalmar "ga" ko "da".

Na biyu shi ne matakin awo, wato irin lissafin da ya halatta a yi da amsar. Masanin halayyar ɗan Adam S. S. Stevens ne ya fito da wannan rabe-rabe a shekarar 1946, a mujallar Science, inda ya kasa awo gida huɗu kamar haka:

i. Matakin suna: amsoshin da ba su da sama da ƙasa, kamar jinsi ko jihar haihuwa.

ii. Matakin jeri: amsoshin da suke da sama da ƙasa amma tazarar da ke tsakaninsu ba a san girmanta ba, kamar firamare da sakandare da jami'a.

iii. Matakin tazara: amsoshin da tazararsu daidai take amma sifirinsu na yarjejeniya ne, kamar awon zafi na Salshiyos.

iv. Matakin ninki: amsoshin da suke da sifiri na gaskiya, har a iya cewa wannan ya ninka wancan, kamar kuɗin shiga ko yawan 'ya'ya.

SPSS ta haɗe na uku da na huɗu a wuri guda, don haka matakai uku take nunawa. Abin lura a nan shi ne, sifa tana iya zama lamba ta fuskar ajiya amma ta kasance a matakin suna ta fuskar awo. Idan aka ba namiji 1 aka ba mace 2, kwamfuta za ta fitar da matsakaicin 1.4 ba tare da wata tangarɗa ba, alhali babu wani jinsi da wannan adadi yake wakilta. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane.

3.2 Bambancin Excel da Manhajar Ƙididdiga

Tushen matsalar shi ne, manhajojin biyu ba su ɗauki ginshiƙi da ma'ana guda ba. A Excel, kowane gida cin gashin kansa yake yi. Ana iya rubuta 34 a gida na farko, a rubuta "kusan 40" a na biyu, a bar na uku wayam, kuma Excel ba zai hana ba. A manhajar ƙididdiga kuwa, ginshiƙi gaba ɗayansa nau'i ɗaya yake ɗauka daga sama har ƙasa. Don haka lokacin da za ta karanta fayil, dole ta zaɓi nau'i guda, kuma kowace manhaja da hanyar da take bi.

SPSS, tun daga fitowa ta 24, takan duba kaso nawa ne na amsoshin ginshiƙi suka dace da nau'i guda, kuma bisa tsarinta na asali kashi 95 cikin ɗari take nema. Alal misali, a ɗauka an tambayi mutum 200 shekarunsu. Idan mutum 8 suka ba da amsa irin ta "kusan 40", to kashi 96 cikin ɗari lambobi ne, sai ginshiƙin ya zama na lamba, amsoshin nan 8 kuma su zama gurabun da babu komai. Idan kuwa mutum 12 ne, lambobi sun koma kashi 94, sai ginshiƙin duka ya zama rubutu, ba za a iya fitar da matsakaicinsa ba. Ke nan amsoshi huɗu kacal suna iya juya nau'in sifa.

A R, umarnin read_excel yakan duba layuka 1,000 na farko ne ya yi hasashe da su. Idan rubutu ya ɓullo a layi na 1,200 a ginshiƙin da aka riga aka ɗauka na lamba ne, sai a mayar da wannan gida fanko. Stata kuma, idan ta tarar da rubutu a cikin ginshiƙin lambobi, takan ɗauki ginshiƙin duka a matsayin rubutu. Daga nan za mu ga cewa fayil guda yana iya shiga manhajoji uku ya fito da kama uku.

3.3 Wuraren da Aka Fi Samun Kuskure

3.3.1 Lambobin Shaida

Akwai jerin alƙaluman da ba adadi ba ne, suna ne kawai, kamar lambar waya da lambar asusun banki da lambar shaidar ɗan ƙasa. Lambar wayar hannu a Nijeriya alƙaluma 11 ce kuma da sifiri take farawa. Da zarar an rubuta ta a gidan da ba a keɓe shi ga rubutu ba, Excel zai jefar da sifirin, wadda ta fara da 0803 ta koma 803. Haka lamarin yake ga lambar asusun banki mai alƙaluma 10 idan ta fara da sifiri. Idan kuma aka sa 234 a gaban lambar waya ta kai alƙaluma 13, Excel yakan nuna ta a taƙaice kamar 2.34803E+12, kuma idan aka adana fayil ɗin a tsarin CSV a haka, taƙaitaccen ne zai tafi, sauran alƙaluman sun salwanta. Har ila yau, Excel ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba guda, duk abin da ya haura sai ya mayar da shi sifiri. Illar wannan takan fito fili ne idan aka zo haɗa fayil biyu ta hanyar lambar shaida, sai a tarar layuka sun ƙi haɗuwa. Ƙa'idar ita ce, duk alƙaluman da tara su ba shi da ma'ana, a ajiye su a matsayin rubutu.

3.3.2 Kwanan Wata

Kwamfuta ba ta ajiye kwanan wata yadda ido yake ganinsa, ƙidaya take yi daga wata rana da aka tsayar. Excel yana ƙirga kwanaki daga 1 ga Janairu, 1900. Stata tana farawa daga 1 ga Janairu, 1960, R kuma daga 1 ga Janairu, 1970. Ita kuwa SPSS sakan take ƙirgawa daga 14 ga Oktoba, 1582. Saboda haka ranar 1 ga Janairu, 2024 ita ce 45292 a Excel, 23376 a Stata, 19723 a R. Idan ginshiƙin ya shiga a matsayin lamba tsagwaronta, aka kuma umarci R ta ɗauki 45292 a kan ƙidayarta, ranar za ta faɗa cikin Janairun shekarar 2094.

Bayan wannan, Excel ya gaji wani kuskure daga manhajar Lotus 1-2-3, inda yake lissafa 29 ga Fabrairu, 1900 alhali babu wannan rana a kalanda. Wannan ne ya sa masu juya kwanakin Excel a R suke farawa daga 30 ga Disamba, 1899. Akwai kuma tsarin ƙidaya na biyu mai farawa daga 1904, wanda tsofaffin kwamfutocin Macintosh suka yi amfani da shi, kuma tazararsa da na farko kwana 1,462 ce.

Matsala ta uku ita ce jerin rana da wata. A Nijeriya da Nijar, 03/04/2024 na nufin 3 ga Afrilu, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Kwamfutar da aka saita a kan tsarin Amurka za ta juya duk ranakun da ba su wuce 12 ga wata ba, sauran kuma ta bar su a matsayin rubutu domin babu wata na 13. Sakamakon haka sai ginshiƙi guda ya ƙunshi ranakun da aka juya da waɗanda ba a karanta ba. Hanya mafi aminci ita ce a rubuta shekara, sannan wata, sannan rana, kamar 2024-04-03, ko kuma a ba kowannensu ginshiƙinsa.

3.3.3 Rubutun da Ke Rikiɗa ya Zama Kwanan Wata

Idan takardar tambayoyi ta ba da zaɓi irin "3-5" a kan yawan 'ya'ya, Excel zai ɗauka kwanan wata ne ya mayar da shi 3 ga Mayu ko 5 ga Maris. Wannan kuskure ya shafi har manyan masana. A shekarar 2016, Mark Ziemann da abokan aikinsa sun wallafa bincike a mujallar Genome Biology, inda suka gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka duba, waɗanda aka haɗa da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel, suna ɗauke da sunayen da suka rikiɗe. Suna kamar SEPT2 yakan koma 2 ga Satumba, MARCH1 kuma 1 ga Maris. A shekarar 2020, kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya wasu sunayen, MARCH1 ya koma MARCHF1, SEPT1 ya koma SEPTIN1. A 2023 ne kamfanin Microsoft ya ƙara wa Excel zaɓin kashe irin wannan juyi. Muhimmin abu shi ne, wannan ɓarna tana faruwa tun a Excel, don haka babu gyaran da manhajar ƙididdiga za ta iya yi a kai.

3.3.4 Gurabun da Babu Amsa

An saba sanya 99 ko 999 a madadin "bai amsa ba". Idan ba a sanar da manhaja ba, za ta ɗauke su a matsayin amsa ta gaskiya. A ɗauka shekarun mutum biyar su ne 20 da 22 da 25 da 21 da 99. Matsakaicin da manhaja za ta bayar shi ne 37.4, alhali na mutum huɗun da suka amsa 22 ne. SPSS ta ba da damar a ayyana lambobi har uku a kowace sifa a matsayin rashin amsa, kuma wajibi ne a yi hakan kafin kowane lissafi. Haka kuma bai dace a cike gurbi da sifiri ba, domin wanda ya ce ba shi da ɗa daban yake da wanda ya ƙi faɗa.

3.3.5 Rukunoni da Jerinsu

Idan aka umarci manhaja ta mayar da rubutu zuwa lambobin wakilci da kanta, jerin abacada take bi. Haka umarnin encode yake yi a Stata, haka factor a R, haka AUTORECODE a SPSS. Idan matakan ilimi su ne firamare da sakandare da jami'a, abacada za ta ba firamare 1, jami'a 2, sakandare 3, wato sakandare ta hau kan jami'a. Duk wani lissafin dangantaka da aka gina a kan wannan jeri ya karkace, kuma babu alamar da za ta nuna haka a sakamakon. Saboda haka mai bincike ne zai ba kowane rukuni lambarsa da hannunsa.

Wani tarkon kuma yana cikin R. Idan ginshiƙi mai ɗauke da 10 da 20 da 30 ya shiga a matsayin rukuni, aka nemi a mayar da shi lamba kai tsaye, abin da zai fito shi ne 1 da 2 da 3. Kafin fitowa ta 4.0.0 a watan Afrilun 2020, umarnin read.csv yakan mayar da duk rubutu rukuni da kansa, shi ya sa ake bukatar hattara da tsofaffin umarnoni. A SPSS ma, sifar da amsoshinta mabambanta ba su kai 24 ba, irin yawan 'ya'ya, tana iya samun kanta a matakin suna, sai an gyara.

3.3.6 Haruffa Masu Ƙugiya da Alamar Gutsure

Bayanan da aka tattara da Hausa suna da tasu matsalar. "Ɗan kasuwa" da "Dan kasuwa" da "D'an kasuwa" sana'a ɗaya ce, amma manhaja za ta ƙirga su a matsayin uku. Haka "Kano" da "kano" za su zama jihohi biyu. Idan kuma aka adana fayil a CSV ba bisa tsarin UTF-8 ba, haruffan ɓ da ɗ da ƙ suna iya komawa alamar tambaya ko wasu alamomi marasa ma'ana.

Ga wanda ya karɓi bayanai daga Jamhuriyar Nijar, akwai ƙarin abin lura. Tsarin Faransanci yana amfani da waƙafi a inda tsarin Ingilishi yake sa ɗigo, wato 2,5 maimakon 2.5, kuma fayil ɗin CSV na irin wannan kwamfuta da waƙafi mai ruwa yake raba ginshiƙai. Manhajar da ba a sanar da ita ba za ta ɗauki 2,5 a matsayin rubutu. A R an tanadi umarnin read.csv2 domin irin wannan fayil.

3.4 Matakan Shigar da Bayanai

Bisa la'akari da abubuwan da suka gabata, ga matakan da suka kamata a bi:

i. A rubuta kundin sifofi kafin a fara zuba amsoshi. Kundin zai ƙunshi sunan kowace sifa da ma'anarta da nau'in ajiyarta da matakin awonta da lambobin wakilci da lambar rashin amsa.

ii. A tsara jadawalin ya zama layin farko sunayen sifofi ne kawai. Kada a haɗe gidaje, kada a sa jimilla a ƙasa, kada kuma a dogara da launi wajen nuna wata ma'ana, domin launi ba ya bin bayanai zuwa manhajar ƙididdiga.

iii. Sunayen sifofi su zama gajeru, su fara da harafi, ba tare da tazara ba. Stata ba ta karɓar sunan da ya wuce haruffa 32.

iv. A keɓe ginshiƙan lambobin shaida ga rubutu tun kafin a rubuta komai a ciki, domin sifirin da ya riga ya faɗi ba ya dawowa don an sauya tsari daga baya.

v. A cire ma'auni da alamar kuɗi daga cikin gidaje. A rubuta 5000, bayanin cewa naira ce ya tafi cikin kundin sifofi.

vi. A lokacin shigarwa, a faɗa wa manhaja nau'in kowane ginshiƙi. A R ana yin haka da col_types. A Stata ana iya shigar da komai a matsayin rubutu da allstring, sannan a juya ginshiƙan lamba da destring, wanda zai ƙi juya duk ginshiƙin da ke ɗauke da harafi, ta haka sai a gano inda matsala take.

vii. A adana fayil na asali ba tare da an taɓa shi ba, gyare-gyare kuma a yi su ta rubutaccen umarni, domin mai duba aiki ya iya bin sawu.

3.5 Tantancewa Bayan Shigarwa

Buɗewar fayil ba ita ce shaidar cewa bayanai sun shiga daidai ba. Abu na farko da za a duba shi ne yawan layuka, a gwada shi da yawan takardun tambayoyin da aka karɓo. Muhimmancin wannan ya bayyana a Ingila a shekarar 2020, lokacin annobar korona, inda mutum 15,841 da gwaji ya nuna sun kamu tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba ba su shiga rahoton kullum a kan lokaci ba. Dalili shi ne an yi amfani da tsohon tsarin XLS wanda ba ya ɗaukar fiye da layuka 65,536, alhali tsarin XLSX da ya zo da Excel 2007 yana ɗaukar 1,048,576. Layukan da suka haura iyaka sun zube, kuma an samu jinkiri wajen bibiyar waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar.

Abu na biyu, a bi sifofi ɗaya bayan ɗaya a gwada nau'in da manhaja ta ba su da abin da ke cikin kundin sifofi. Na uku, a fitar da jadawalin yawan aukuwa na kowace sifa ta rukuni, domin a nan ne "Kano" da "kano" za su tona kansu. Na huɗu, a duba mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowace sifa ta lamba da ta kwanan wata, inda mai shekara 99 a ajin firamare ko hirar da aka yi a 2094 za su fito. Na biyar, a ƙirga gurabun da babu amsa a Excel da kuma a manhajar. Idan na manhajar sun fi yawa, to akwai amsoshin da aka zubar a hanya. Daga ƙarshe, a zaɓi wasu takardun tambayoyi a gwada su da layukansu gida bayan gida.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar sifa, an kuma bambance nau'in ajiya da matakin awo. An nuna yadda SPSS da Stata da R suke hasashen nau'in ginshiƙi, da wurare shida da hasashen ya fi kaucewa, sannan aka jero matakan shigarwa da na tantancewa. Abin da ya fito fili shi ne, kuskuren nau'in sifa ba ya hana manhaja fitar da sakamako, kuma sakamakon yakan zo da kamannin sahihi. Don haka ingancin duk wani jadawali da za a gabatar a babin nazari ya rataya ne a kan kundin sifofi da kuma tantancewar da aka yi kafin a fara lissafi.